Turmin Bayan Ɗakina

Gum… gum… gum. Har yau idan na ji ƙarar taɓarya a cikin turmi, sai zuciyata ta koma gidanmu na Katagum, ta koma wata asubar Laraba da ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi.

A shekarar ina neman tallafin karatun likitanci a wata ƙasa da ake magana da Sifaniyanci. Na tsallake jarrabawar rubutu, saura ta baki. Wata malama ce za ta yi hira da ni ta kwamfuta da ƙarfe tara na safe, dama ɗaya tak, wanda ya makara ya rasa. A unguwarmu sadarwa ba ta da ƙarfi, dole sai na je Azare. Motar farko kuwa ana sallame sallar asuba take tashi, ta biyu sai ta cika, wani lokacin har hantsi.

Wata shida na yi ina koyon harshen a waya, kuma darasin da na fi ƙauna shi ne na farkawa daga barci. Me despierto, ina farkawa. Te despiertas, kina farkawa. Se despierta, tana farkawa. Nos despertamos, muna farkawa. Ina wanke-wanke ina rera su, a kunnena kamar saukar yayyafi a kan kwanon ɗaki. Littafin ya ce idan aka bi kalmar dalla-dalla, mutum cewa yake yi yana tayar da kansa. Wannan ya yi mini daɗi, domin tun ina firamare ba wanda ya taɓa tashina. Ina buɗe ido, sai in ji ladan.

Goggo, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ba ta barina in sha ruwa.

"Ke 'yar nan, wannan dasfiyarto da kike ta kira, saurayi ne ko aljani?"

"Goggo, farkawa ce fa."

"Farkawar ma sai an je makaranta? Mu da muka shekara sittin muna yin ta ba a ba mu takarda ba."

Inna kuwa ba ta cewa uffan. Mahaifiyata Bafulatana ce, ni kuma 'yar farinta, don haka kunya ta shiga tsakaninmu tun kafin in yi wayo. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan za ta aike ni, sai ta ce da Goggo, "A gaya wa waccan ta ɗebo ruwa," alhali ina tsaye a gabanta. Na san al'ada ce, amma sani daban, zuciyar yarinya daban. A lokacin na ɗauka karatuna bai dame ta ba ko kaɗan. Ita dai nata shi ne dakan geron fura da asuba, kullum, a bayan ɗakina.

Saura kwana uku hirar, zazzaɓi ya kwantar da Inna. Cikin kwanakin nan uku sai rana ta fito nake farkawa, in yi salla a makare ina jin nauyin kaina. Na ɗora laifin a kan gajiyar karatu. Ga shi an ɗauke wuta, wayata ta mutu. Ranar Talata da yamma Goggo ta ce, "In tashe ki gobe?" Na yi dariya, domin ita ko ganga aka buga a kanta ba ta motsi. Na ce, "Bar shi, Goggo. Ni da kaina nake farkawa." Kaico, yarinta.

Da asubar Laraba ina can cikin mafarki, wai ina tafiya a bakin kogi, sai ƙarar ta shigo. Gum. Shiru. Gum. Ba irin dakan Inna mai sauri ba, wannan a rarrabe yake, kamar mai dakan tana hutawa bayan kowane bugu. Na zabura, na ji liman ya riga ya tayar da salla. Ban san yadda na yi alwala na yi salla na suri jakata ba. Da zan fita na hango Inna a kan kujera 'yar tsugunno, ta ba ni baya, taɓarya a kan cinyarta.

"Inna, na tafi."

Ba ta juyo ba. Kajin da ke gabanta ta yi wa magana: "Allah ya tsare hanya."

Na fita da ɗan ɗaci a raina. Ina cewa, tana da ƙarfin daka, amma ba ta da na rako ni ƙofar gida.

Na tarar da motar ta fara mirginawa. Direban ya leƙo ya ce, "Hajiya ƙarama, da kin ƙara minti ɗaya da sai ki bi mu a jaki."

A wani shagon kwamfuta a Azare fuskar malamar ta bayyana, farar tsohuwa mai tabarau. Tambayarta ta farko kuwa, ƙarfe nawa nake farkawa. Sai na ji kamar an buɗe mini taga. Na ce, "Me despierto a las cinco," ina farkawa ƙarfe biyar. Ta yi murmushi ta ce, wa yake tashinki? Na ɗaga kai na ce babu kowa, "me despierto sola," ni kaɗai nake farkawa. Daga nan bakina ya sake, na ba ta labarin kogi da masunta da furar gidanmu. Bayan wata biyu sunana ya fito.

A can ƙasar ne abin ya ba ni mamaki. Agogo biyu nake kunnawa, duk da haka sai na makara. Da na zo hutu bayan shekara huɗu, na ba Goggo labari. Ta yi dariya har tana share hawaye.

"Ke kaɗai kike farkawa? Wa ya gaya miki? Turmin nan a gindin bishiya yake da. Ranar da aka sa ki a makaranta uwarki ta mirgino shi bayan ɗakinki. Ba za ta iya kiran sunanki ba, sai ta sa turmi ya kira."

Idona ya cika. Ranar na gane cewa babu mai farkawa shi kaɗai, kuma ba kowace ƙauna ce take da baki ba. Yanzu idan na zo kan darasin nan, nos despertamos na fi riƙewa.

Na ce, "Amma Goggo, ranar Larabar nan ai ba ta da lafiya."

"Da bin bango ta fito," in ji Goggo. "Da na tashi salla bayan kin tafi, na tarar ta kasa miƙewa, ni na kama ta na mayar da ita ɗaki. Na leƙa turmin don in ƙarasa mata dakan. Ko ƙwayar gero ɗaya babu a ciki."