Kajin da na binne ranar ukun Baba

Ina cikin gonar tattasai a Geskeru da hantsi ƙanena ya kira ni a waya. Bai ja zance ba: "Yaya, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hawan jinin da ya daɗe yana fama da shi ne ya zama ajali. Kafin in iso Difa har an kai shi makwancinsa.

Mahaifina, Malam Kyari, likitan dabbobi ne har ya yi ritaya. A gari an fi saninsa da "mai hana cin kaza", kuma ba da yabo ake faɗa ba. Kakarsa ce ta ba shi labarin marisuwa, babbar murar nan da ta zagaye duniya a ƙarshen yaƙin duniya na farko. Ta ce a ƙauyensu na bakin Komadugu sai da aka rasa masu haƙa kabari. Da ya yi karatu ya gane irin wannan annoba ta sake dawowa ba sau ɗaya ba, kuma tushenta yana jikin tsuntsaye. Yakan ce, "Ba ta tafi ba. Tana cikin akurki, hannun mutum take jira."

Duk lokacin sanyi, in agwagin daji suka sauka a kogi, sai ya bi gaɓa da buhu yana tsince waɗanda suka mutu kafin wani ya kai su tukunya. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ɗabi'armu ta nan: kaza ta fara layi, sai a ruga da wuƙa kada ta zama mushe. "Wuƙa tana halatta nama," in ji shi, "amma ba ta kashe ciwo."

Ranar sadakar uku wani Alhaji mai gidan kaji ya aiko da buhu biyu na yankakkun kaji, wai gudummawa. Mata har sun ɗora ruwan zafi. Na kwance bakin buhu na leƙa. Zanko ya yi baƙi, kawuna a kumbure, majina ta bushe a baki. Tir! Ashe kajinsa ne ke zubewa, ya bi su da wuƙa, kasuwa ta ƙi su, sai ya tuna da lada. Kuma a gidan wa? A gidan Malam Kyari, kwana uku da rufe shi!

Goggo Falmata, ƙanwar Baba, ta riƙe mini hannu. "Hajara, kina da hankali kuwa? Ana mayar da kyautar ta'aziyya? Da bisimilla fa aka yanka su."

Na ce, "Goggo, jikokinki ne za su fige su. Ba hannun da zai taɓa kajin nan."

"To me za mu ba jama'a?"

"Abin da ke gidan."

Na ɗaura leda a hannu, ni da ƙanena muka haƙa rami mai zurfi a bayan gida, muka zuba su, muka bi da toka. Guda ɗaya muka ware wa abokan aikin Baba na biro, wato ofishin likitocin dabbobi, su bincika. Jama'a suka ci shinkafa da miyar busasshen kifin Boso. Ina jin su ta katanga, mutanen da tun safe ke cewa an yi rashin mutumin kirki, suna gunaguni: "Ai 'yar ubanta ce, ta hana mu nama." Ƙyamar da na ji a lokacin ta fi ta buhun.

Har yau ban ji sakamakon biro ba. Alhaji ya daina amsa gaisuwarmu, Goggo ma sama-sama take kula ni. Amma mako uku ke nan, ko tari ba wanda ya yi a gidan.

Allah ya jiƙan Malam Kyari, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba mahaifiyarmu da Goggo haƙurin rashinsa, ya raya jikokinsa cikin lafiya. Allah ya tsare garin nan daga annobar da ya mutu yana yi mana kashedinta, domin yanzu ba mai bin gaɓar kogi da buhu. Amin.