Manzo Mai Yasar Rijiya Ya Je Basam

Duk wanda ya sha ruwan Kanan-Bakashe ya san Manzo mai yasar rijiya, ko da bai taɓa gaisawa da shi ba. Gajere ne, baƙi, mai gwamammun ƙafafu. Tafin hannunsa kuwa igiya ta cinye shi ya yi kanta, in ya ba ka hannu sai ka ji kamar ka dafa bayan kunkuru. Magana ba ta dame shi ba. Wasu na cewa a ƙasan rijiya ya baro surutunsa, amma ƙarya suke yi masa, tun yana yaro miskili ne.

Rijiyoyin ƙasar Mayahi ba na wasa ba ne. Ka leƙa ka hango ruwa can ƙasa ɗan mitsitsi, sai ka ji jiri na ɗibarka. To, nan ne wurin aikin Manzo, sana'ar da ya gada wurin ubansa. Guga ya tsinke, a kira Manzo. Rairayi ya toshe idon ruwa, a kira Manzo. In kuma mutum ne ya faɗa, Allah ya kiyaye, ko yana gona ko yana kasuwa za a je a ɗauko shi. Yana da wata al'ada a irin wannan rana. Kafin a ɗaura masa igiya a ƙugu sai ya durƙusa a bakin rijiya ya ƙwala wa wanda ya faɗa kira da sunansa, ya kasa kunne. In an amsa, a yi maza. In ba a amsa ba, rijiya ce za ta maido masa da sunan, sai ya ce wa mutane su je su fara haƙan kabari, shi zai kawo mai shi. Kuma yana kawowa. Daga Kanan-Bakashe har Maijirgi ba a taɓa barin ɗan kowa a cikin ruwa ba, kuma in Manzo yana da abin taƙama a duniya, wannan ne.

Ɗansa na fari sunansa Nasiru. Kunyar ɗan fari kowa na yi, amma ta Manzo ta wuce misali. Tun ranar da liman ya raɗa sunan bai taɓa fitowa daga bakin Manzo ba. "Wancan" yake cewa, ko "yaron nan". Akwai wani tela a kasuwa mai suna Nasiru, shekara da shekaru Manzo "Tela" yake kiransa, har mutumin ya haƙura. Wanda bai sani ba sai ya ce ba ya son yaron. Ina! Wata rana ya tarar da shi yana gwada ɗaura igiyar aiki a ƙugu, ya zabga masa marin da unguwa ta ji, ya koma bayan rumbu ya zauna shi kaɗai. Ya rantse ɗansa ba zai ci abinci daga cikin rami ba.

Shi ya sa da Nasiru ya girma ya ce zai bi Harisu biɗa, wato neman kuɗi a ƙasar waje, Manzo bai hana ba. Harisu ɗan ƙanwar Manzo ne, ya daɗe a ƙasar Kodibuwa, a wani tsohon gari na bakin teku da ake kira Basam, inda mutane ke zuwa yawon buɗe ido. Yana sayar masu da malafa da tabarau. Manzo ya ce wa matarsa Zara'u, "Bar shi ya tahi. Can dai ba rijiya." Allah sarki, har murna ya yi.

Cikin damina, ana tsakiyar noma, maƙwabci ya iso gona da gudu riƙe da salula. Harisu ne a kan layi.

"Kawu, sai haƙuri. Ruwa ya ci Nasiru."

Manzo bai tambayi yaya aka yi ba. Abu ɗaya ya tambaya.

"Kun fiddo shi?"



"Mun fiddo shi, Kawu."

"An yi mishi sutura?"

"An yi."

"To, alhamdulillahi," in ji Manzo. Ya saɓa hauyarsa ya koma gida ya zauna karɓar gaisuwa, idonsa a bushe, yadda ake son uban ɗan fari ya yi.

Sai dai wani abu ya tsaya masa a rai. Ya sha jin 'yan biɗa na cewa ƙasar bakin teku rairayi ce jiƙaƙƙiya, ka haƙa kamu kaɗan ruwa ya tsattsafo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da rairayi ya san yadda take rufta rami. Wa ya haƙa kabarin? Ya iya? An jera itace yadda ya kamata, an sa ƙaya a kai saboda karnuka? Tunanin nan ya hana shi sakat. Da aka gama yankan hatsi ya ce shi zai je ya ga kabarin da idonsa, ya gyara abin da ke son gyara, ya yi addu'a ya dawo. Ranar tafiya Zara'u ta raka shi har bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Malam, in ka je ka duba mini ko akwai inuwa a wurin. Ka san yaron ba ya son rana a ka."

Kwana da kwanaki ya yi a cikin kar, babbar motar fasinja, ƙafafunsa suka kumbura, mutumin da bai taɓa wuce Maraɗi ba. Harisu ya tarbe shi a tasha. Ya rame, ya yi zuru-zuru, kuma ya ƙi yarda su haɗa ido. Manzo ya ɗauka zafin rashi ne.

"Kawu, yau dai ka huta," in ji Harisu. Da gari ya waye ya ce maƙabartar na da nisa, mai gadinta kuma ya yi tafiya, amma tunda Kawu ya zo ai ya kamata ya ga gari. Ka ji fa, ya ga gari! Manzo baƙo ne, ba ya gardama da mai masauki, sai ya sa takalmi ya bi shi.

Harisu ya kai shi tsohuwar unguwar Nasara. Manyan benaye ne masu dogayen baranda, wasu an yi masu fenti, wasu sun zama kufai, itatuwa sun tsiro daga cikin bango sun tsaga shi. Baƙi na tsaye suna ɗaukar hoton kufan, suna murmushi. Manzo ya rasa abin da ke burge su, shi a garinsu gidan da ya rushe kau da kai ake yi daga gare shi. Suka shiga tsohon gidan gwamna, inda aka tara tufafin sarakunan ƙasar an sanya wa gumaka. Manzo ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, mai jagora ya yi dariya ya ce da faransanci ba sai ya tuɓe ba. Suka ga masu ginin tukwane, suka tsaya a kan gada suna kallon kwale-kwale na ratsa wani ruwa kwantacce. Harisu ya saya masa soyayyen kifi da acake, wani abinci na rogo, Manzo ya ci loma kaɗan ya ture. Harisu sai zuba yake yi, wannan gidan wane ne, wancan kurkuku ne a da, bakinsa bai huta ba. Kashegari ma haka, wata unguwa, wasu gine-gine, wani uzuri.

Duk inda suka bi akwai wani ruri da ke bin kunnen Manzo, kamar hadari ya taso daga nesa ya ƙi isowa.

"Mi ke kuka haka?"

"Teku ne, Kawu."

Manzo ya kuma lura duk lungun da ya nufi wajen rurin, Harisu sai ya kauce masa.

Ranar Lahadi suka wuce ta gefen wata tsohuwar maƙabartar Nasara, kowane kabari da dutsensa da rubutu. Manzo ya ja ya tsaya.

"Harisu, waɗanga tun ba a haifi ubana ba suka mutu, ga nasu an sani. Ni ba kallo ya kawo ni ba. Kai ni wurin yaron nan, yanzu."

Harisu ya juya ya shiga gaba, Manzo na biye. Suka bi wani siririn lungu mai rairayi tsakanin otel biyu, rurin na ƙaruwa, sai ga su a fili.

Manzo bai taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma bai so shi ba. Ruwa ne har inda ido ya ƙare, yana tasowa ya fi tsayin mutum, ya faɗo ya daki ƙasa, ya ja da baya yana huci. A gabansa kuwa biki ake yi. Kiɗa na tashi, samari na buga ƙwallo, mata kwance ƙarƙashin laima kusan tsirara, masu talla na ratsa su. Harisu ya kai shi har inda rairayi ya jiƙe, ya nuna da hannu, hawaye na zuba.

"Nan ne, Kawu. Iska ta kwashe mishi malafa daga kan tire, ruwa ya ja su, ya bi. Iyakar gwiwa ya shiga, wallahi dariya ma yake yi. Sai ruwan ya janye ƙasa daga ƙarƙashinshi. 'Yan pompiye, masu ceto, sun zo, masunta sun yi ta nema. Ba a gan shi ba. Da ka tambaye ni ko mun fiddo shi, bakina ya kasa."

"Ba kabari ke nan."

"Babu, Kawu."

Harisu ya sunkuyar da kai yana jiran mari. Manzo ko kallonsa bai yi ba. Ruwan yake dubawa, irin duban da yake yi wa rijiyar da bai taɓa shiga ba.

"Zurfinshi gaba nawa ne?"

"Kawu..."

Can gefe wasu masunta sun yi layi suna jan taru da wata igiya mai kauri, doguwa, wadda ƙarshenta ya ɓace a cikin ruwa. Manzo ya tuɓe rigarsa ya ninke ya ajiye a kan takalmi, ya nufe su. Harisu ya bi shi yana roƙo.

"Faɗa musu su ara mini igiyar nan. Su ɗaura mini a ƙugu su riƙe, in na girgiza su ja."

"Kawu, tun damina fa."

"Na sani. Ko ƙashi ne ina kawowa. Na taɓa yi."

Dole Harisu ya fassara wa babbansu, wani tsoho mai furfura. Tsohon bai yi dariya ba. Ya kama hannun Manzo ya juya tafin, ya shafa kantar, ya buɗe nasa ya nuna masa, iri ɗaya. Sa'an nan ya yi magana a hankali, Harisu na mayarwa da Hausa. Ya ce wannan ruwa ba ya zama wuri ɗaya, wanda ya ci mutum da safe kafin azahar ya kai wata ƙasa. Ya ce yakan maido gawa cikin 'yan kwanaki in ya ga dama, in ya wuce haka shi ke nan. Ya ce shi ma ƙanensa na ciki.

Nan Manzo ya gane. Ruwan rijiya yana zaune inda ka bar shi, abin da ya faɗa ciki yana jiranka a ƙasa. Wannan ba ya jiran kowa. Kuma shi da bakinsa ya ce yaron ya tafi, can ba rijiya.

Ya saki hannun tsohon ya koma bakin ruwa. Ya durƙusa, ya dafa ƙasa da hannu biyu yadda yake yi a bakin rijiya, ya cika ƙirjinsa da iska.

"Nasiru!"

Manzo ya karkata kai ya kasa kunne. Rijiya ko ba komai takan maido maka da sunan. Wannan ko shi bai maido ba, ya haɗiye shi cikin rurinsa.

"Nasiru! Nasiru!"

Wasu samari suka bar ƙwallo suka ɗaga salula suna ɗaukarsa, sun samu abin kallo. Shi bai san suna yi ba. Ya yi ta kira har murya ta dushe. Ruwa ya zo ya jiƙa masa wando, ya fara zare rairayi daga ƙarƙashin gwiwoyinsa, sai da Harisu ya rungume shi ta ƙugu ya ja shi baya da ƙarfi.

Manzo yana nan har yau, yana shiga rijiya in an kira shi, sai dai ya daina durƙusawa ya kira sunan kowa, a ɗaura masa igiya kawai ya sauka. Bai taɓa yi wa Harisu faɗa ba. Tun a cikin kar ɗin dawowa ya gane dalilin da ya sa bakin yaron ya kasa, domin shi ma duk tsawon hanya amsar da zai ba Zara'u yake shiryawa.

Ranar da ya dawo daga Basam, ya iso gida da la'asar. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta yi masa sannu da hanya. Ta jira maƙwabta suka gama gaisuwa suka watse, sa'an nan ta zauna nesa kaɗan tana tsince wake a faifai.

"Malam, akwai inuwa?"

"Akwai," in ji Manzo, yana kallon ƙasa. "Wani babban icce ne. Nasiru na kwance ƙarƙashinshi."

Hannun Zara'u ya tsaya a cikin waken. Tun ranar suna ba ta taɓa jin sunan nan a bakin mijinta ba, kuma ta san ba a gaban kabari ya koyi faɗinsa ba. Ta ɗago ta dubi mutumin da ta sani da kiran sunan wanda ruwa ya riƙe, ta daɗe tana dubansa. Ba ta tambayi wane irin icce ba ne. Ta ajiye faifan ta shiga ɗaki ta sako labule.