Gobe Akwai Yara a Cikin Dawa, Babu Malam Sabi'u

Da safen nan labarin ya same ni, ina durƙushe a tsakar gida ina wanke takalmi. Hedimastanmu ne ya kira. Ko gaisawa ba mu yi ba ya ce Malam Sabi'u ya rasu, jana'iza da hantsi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ce masa wane Sabi'un? Kamar muna da wani bayan shi.

An ce jiya ne ya ce ƙirjinsa ya riƙe, kafin a samo abin hawa a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Mun kai shi makwancinsa mun dawo, ga ni nan na kasa zama wuri ɗaya. Na shiga ɗaki na fito, na zauna a ƙofar gida na tashi. Maiɗakina ta ajiye min abinci tun ɗazu, yana nan a rufe. Shi ya sa na ɗauko wayar nan, ko in na rubuta zan ji sauƙi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sabi'u abokin aikina ne a wata firamare can gaba da Ungogo, inda gidajen bulo suka fara cin gonaki amma ba su gama cinyewa ba. Shi ɗan garin ne, a keke yake zuwa. Ni daga Bacirawa nake hawo adaidaita sahu, a sauke ni a bakin titi in ƙarasa da ƙafa. Shi Hausa yake koyarwa a manyan azuzuwa, ni lissafi.

Mutum ne da aljihunsa ba ya rabo da reza da guntayen fensir. In ya sayi fensir sai ya raba shi biyu, wai yara biyu su samu. Lokacin da maiɗakina ta yi doguwar jinya shi ya riƙe min azuzuwana, bai taɓa tayar da maganar ba. In kaka ta yi kuwa, ɗakin malamai ba ya rasa dafaffiyar gyaɗa, kuma kowa ya san daga wane gida ta fito.

Abokina ne na gaske, kuma duk duniya babu wanda na yi musu da shi kamarsa.

Musun namu ɗaya ne tal, shekara da shekaru: aikin gida. Shi yana ganin a soke shi ɗungurungum. Ni ina ganin wannan ganganci ne.

Hujjarsa kullum daga tarihin makarantar take farawa. Ya ce da dattawan garin za su ba da filin da aka gina ta, sharaɗi suka kafa, safiya ta boko ce, yamma ta allo. A kan haka iyaye suka saki 'ya'yansu. To yaro ya tashi daga wajenmu ya je gona ko ya yiwo wa dabbobi ciyawa, yarinya ta ɗebo ruwa ta kama aikin tuwo, bayan la'asar Islamiyya, bayan magariba karatun allo a zaure, gida kuma babu wuta. Sai ya kalle ni ya ce, in mun aika boko gida da yamma, mu muka karya alkawari, ba su ba.

Ni kuma in ce masa lissafi sai hannu ya saba. Jarrabawar shiga sakandare ba ta tambayar yaro ko akwai wuta a gidansu. Yaran cikin birni suna yi, har da malamin lesin, kuma takarda ɗaya za a ba su da namu. In mun tausaya musu yau, gobe wa zai tausaya musu?

Haka muke yi har a buga ƙararrawar komawa aji. Sauran malamai har gajiya suke da mu. Malama Rabi, mai koyar da 'yan aji ɗaya, takan ce a raba mana ɗaki.

Kada ku ɗauka yau na zo in ce shi ne mai gaskiya don ya mutu. Shi kansa ba zai so haka ba. Har yanzu ina nan a kan cewa lissafi sai da maimaici.

Amma akwai abin da yake yi wanda ba kowa ya sani ba, kuma shi ne ya hana ni zama yau.

In damina ta yi nisa, kullum Malam Sabi'u da jiƙaƙƙen wando yake shigowa makaranta, raɓa har gwiwa, ga ƙarangiya ta maƙale masa. Mun daɗe muna yi masa tsiya. Ni nakan ce masa ko dai noman safe yake yi da lokacin gwamnati. Sai dai ya yi dariya ya zauna yana cire ƙarangiyar.

Wata safiya adaidaitar da na hau ta lalace a hanya, sai na yanke ta cikin gonaki. Dawa ta yi tsayi ta fi mutum. Ina cikin tafiya na ji ƙararrawar keke, ana kaɗa ta a hankali, a tsaya, a sake kaɗawa. Na bi ƙarar.

A tsakiyar gonar, ƙarƙashin wata ɗorawa, na same shi zaune a kan kunya, kekensa a jingine. Yara cikin yunifom sun zagaye shi, kowa da littafi a cinya.

Ashe abin da ke faruwa ke nan. Dokar makarantarmu, wanda bai yi aikin gida ba a gaban asambili yake durƙusawa, littafinsa a kansa, malamin da ke kan aiki ya ba shi rabonsa na bulala. To yaran da ba su samu yi ba sai su fito daga gida kamar za su makaranta, su faɗa cikin dawa, su zauna har a tashi, su bi ayari su koma gida. Shi ya gano haka. Sai ya riƙa sammako, ya bi gefen gonar yana kaɗa ƙararrawa. Sun san ƙarar. Su fito, ya zauna da su su yi aikin, sannan ya tasa su a gaba har cikin makaranta.

Suna ɗaga kai suka gan ni, wallahi kafin in buɗe baki babu ko ɗaya. Dawa kawai na ga tana motsi. Wata har takalminta ta bari.

Malam Sabi'u ya dube ni ya ce, "Ka ga abin da ka yi ko? Ka watsa min aji."

Na yi dariya a lokacin. Amma na ji abin a raina, ba zan ɓoye ba. Ni ba na dukan yaro, ban taɓa riƙe bulala a asambili ba. Sai dai aikina ne ya fi kowanne yawa, kuma a wurinsu ni ne aikin gidan.

A hanyarmu ta ƙarasawa makaranta na ce masa wannan ai goyon bayan lalaci ne. Ya ce in je in ga abin da yaran nan suke yi daga azahar zuwa isha'i, sannan in zo in sake faɗin kalmar. Ya ce shi damina ba ta ba shi tsoro, don ya san inda zai same su. Rani ne matsalarsa. In an girbe dawa babu wurin ɓuya, sai yaro ya ƙi fitowa daga gida gaba ɗaya, yau ciwon ciki, gobe ciwon kai, har iyaye su gaji su ce to zauna. Ya lissafo min sunayen waɗanda muka rasa ta haka. Na san su duka, na koyar da su.

Ba yi musu yake yi ba, kada ku yi zaton haka. Ina ma ya iya. Lissafin Malam Sabi'u abin a taya shi da addu'a ne. Tun daga ranar, duk lokacin da na ba da aiki sai ya lallaɓo wajena a lokacin tara, ya ce in koya masa tukuna, don kada gobe ya kunyata a gaban ɗalibansa. Ku duba fa, mutumin da yake so a soke abu, shi ne ya fi kowa zama ya koye shi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe shekaranjiya ce, Juma'a, ana shirin tashi a tafi masallaci.

Na ba 'yan aji shida aiki mai ɗan nauyi, tunda hutun ƙarshen mako ne. Ya zo ya zauna kusa da ni, na nuna masa, ya yi ya ɓata, na sake nuna masa. Muka taɓa maganar taron iyaye da malamai da za a yi ranar Laraba. A nan ne za a yanke ko a ci gaba da aikin gida ko a soke. Ma'aikatan da suka yi sababbin gidaje a gefen gari sun ce makarantar da ba ta ba da aikin gida ba makaranta ba ce, za su kwashe 'ya'yansu su kai ta kuɗi. 'Yan gari kuma sun ce a bar musu yammarsu. An shirya shi zai yi magana a ɓangare ɗaya, ni a ɗayan. Na ce masa ya shirya, ba zan raga masa ba.

Ya ce, "Ni ba aikin nake ƙi ba. Ka nuna min inda za su zauna su yi shi, da lokacin da za su yi, in bi ka."

Na ce sai Laraba.

Ya miƙe yana naɗe ƙafar wandonsa zai hau keke, ya ce wannan aikin da na bayar, ranar Litinin dawa za ta cika da yara.

Na ce masa, "Ai kana nan."

Abin da na faɗa masa ke nan na ƙarshe. Tun safe kalmar nan take yawo a kaina.

Bayan mun dawo daga maƙabarta muna zaune a ƙofar gidansu, sai wani dattijo ya matso kusa da ni. Baba Ado ne, mai gonar nan. Ya yi min gaisuwa, ya ce shekarun nan duk in zai yi shuka Malam Sabi'u yakan zo ya roƙe shi ya bar gindin ɗorawar nan babu shuka, don yara su samu wurin zama kada su tattake masa amfani. Ya ce daga baya ma ba ya jira a roƙe shi.

Sai ya ce, "Malam, ni dai bana ma na bar masa wurin. Gobe fa?"

 

Na samu hedimasta na ce don Allah gobe kada a durƙusar da kowa. Ya ce ai wannan ba sai na faɗa ba. To amma wanda ya shige cikin dawa tun da sassafe, wa zai gaya masa? In an gaya masa ma, ya yarda? Yaran sun san ya rasu, na ga wasunsu a bakin hanya da muka wuce da shi. Aikin da na ba su kuma yana nan cikin jakunkunansu, yau ba wanda ya buɗe. Gobe za su fito, ƙafarsu za ta kai su inda ta saba. Za su zauna, kuma babu abin da zai fito da su. Kuma ba goben kaɗai ba ce, akwai jibi, ga girbi ya matso.

In na shiga na yi kira, na riga na ga abin da zai faru.

Sai na tashi na samu yayansa, Malam Haruna, na ce ya ara min keken. Ya dube ni kamar zai yi tambaya, ya fasa, ya shiga ya turo shi. Robar da marigayin ya ɗaure sirdin da ita tana nan. Ban san lokacin da babban yatsana ya taɓa ƙararrawar ba. Duk wanda ke zaune a wurin sai da ya waiwayo. Daga cikin gida na ji kukan da ya lafa ya sake tashi. Na yi da-na-sanin taɓawar.

Na kai keken zauren Baba Ado na ajiye, tunda gidansa ne kusa da titi. Gobe in Allah ya kai mu zan yi sammako, in sauka a nan in ɗauka. Rabona da hawa keke har na manta. Ban sani ba ko in suka ji ƙarar tsorata za su yi. Ban sani ba ko za su leƙo su ga ni ne su koma. Ban ma san me zan fara ce musu ba. Tunanin nan ne yake ta tayar da ni daga inda na zauna.

Maganar Laraba kuwa, don Allah kada kowa ya tambaye ni a ƙasan rubutun nan wane ɓangare zan tsaya, kuma kada ku mayar min da shi filin musu. Hujjojina suna nan yadda suke. Tambayarsa ma tana nan, kuma ban samo mata amsa ba. Da shi na shirya yin wannan faɗan, ba da kujerarsa ba.

Allah ya jiƙan Malam Sabi'u, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa shi. Duk raɓar da ta jiƙa shi saboda 'ya'yan mutane, Allah ya sa ya tarar da ita a mizani. Allah ya ba iyalinsa da 'yan'uwansa haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya ɗan tsaya ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce.

In kun gama kuma ku haɗa da ni. Ku roƙa min Allah ya sa gobe in na kaɗa, su fito.