Malam Isiyaku Mai Ƙananan Jirage Ya Rasu

Da safen nan ina shirin fita ofis waya ta yi ƙara. Malam Tukur ne daga Ikara, ya ce yayansa Malam Isiyaku ya rasu bayan sallar asuba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har yanzu ina zaune a kan babur ɗina a ƙofar gida, ban iya tayar da shi ba.

Da yawanku ba ku san sunansa ba, amma idan kun taɓa ganin ɗan jirgin sama yana shawagi a kan gonakin Kurmin Kogi bayan girbi, to shi ne a ƙasa riƙe da rimot. Tsohon malamin aikin katako da ƙarfe ne, ya yi ritaya.

Ni malamin gona ne a Makarfi. Wata rana ina duba wata gonar masara na ji ƙugi kamar na zuma ta fusata. Kafin in ɗaga kai, wani abu fari mai jar wutsiya ya wuce ni a guje. Na bar aikin na bi shi, don in ban san mene ne ba abin zai dame ni. Na tarar da dattijo a gindin ɗorawa, rimot rataye a wuya. Na gaishe shi, na tambaya ko wannan ne abin da masu awon fili ke ɗaukar hoto da shi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "A'a, ɗana. Jirgi ne."

A ranar ya yi mini bayani. Kwaikwayon jiragen yaƙin duniya na biyu yake yi, masu farfela a hanci. Ya ce da yaƙin ya ƙare wasu mutane suka sayi jiragen, suka cire bindigogi, suka rage tsawon fukafukai, suka ƙara wa injin ƙarfi, suka riƙa tsere da su suna zagaya dogayen turaku. A waya ya gani. Abin da ya fi burge shi shi ne an kwance wa abu makami an mai da shi na wasa.

Da farin soson kwalin firji yake yin jikinsu, ya goge, ya yi fenti, har lambar tsere yake rubutawa a gefe. Ƙaramin inji da batir kawai yake sa a kawo masa daga Kaduna.

Na taɓa tambayarsa dalilin da rage fiffike ke ƙara gudu. Ya ce shi ma karantawa ya yi, bai gani da idonsa ba, mu gwada. Ya sa wuƙa ya yanke kowane gefe na fiffiken wani jirginsa. Jirgin ya yi gudu kuwa, amma wajen sauka ya ƙi rage sauri, ya shige cikin tsamiya. Malam ya yi ta dariya yana tsintar guntaye, ya ce yanzu mun san abu biyu.

Shi ya koya mini tuƙi, wai tsere ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Mukan kafa gora a fili mu ɗaura musu tsumma mu yi ta zagayawa. Bai taɓa bari na ci don ya faranta mini ba.

Ba ya tayar da jirgi idan akwai shanu kusa, sai ya je ya gaida makiyayi ya nemi izini.

Lokacin da mahaifiyata ke kwance a asibiti, ya hawo babur daga Ikara da fura a kwano, ya zauna da ni bai yi maganar jirgi ko sau ɗaya ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a Dandamisa ce, a wata gonar da aka gama yanke dawa. Ya zo da sabon jirgi shuɗi da ya shafe damina yana haɗawa, bai taɓa tashi ba. Ciwon suga ya riga ya taɓa masa ido, hannunsa na rawa. Ya ɗauki rimot ya riƙe, sai ya miƙo mini. Na ce Malam, idan na fasa fa? Ya ce in na fasa za mu ga abin da ya sa.

Na karɓa na tura maɓallin rimot. Jirgin ya tashi yana karkata hagu, yana neman ƙasa. Malam ya ce in sassauta yatsa, in juya shi ɓangaren dama kaɗan. Jirgin ya miƙe.

Da na waiwaya, Malam ya zauna a kan tabarma, ya cire hula, ya ɗaga kai sama.

"Kada ka sauke tukuna," in ji shi. "Duk shekarun nan tuƙi nake yi, ina tsoron faɗuwa. Yau ne na fara kallonsa. Ashe haka yake da kyau."

Na bar shi a sama har batir ya kusa ƙarewa, sannan na sauke shi lafiya a tsakanin kunyoyi.

Za a yi jana'iza bayan azahar a Ikara, yanzu zan kama hanya.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Isiyaku, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka bai wa iyalinsa haƙurin wannan rashi.

Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.