Rakiyar Kawu Ilu Zuwa Tafkin Ƙirya

Gumel zuwa Gagarawa

A shekarar da ta biyo bayan babban fari ina koyarwa a wata firamare a Gumel. Da aka ba mu hutu cikin bazara, ƙanen mahaifiyata, Kawu Ilu, ya ce in raka shi zagaye. Kawu maharbi ne ɗan maharba, amma tun da wani ma'aikacin gandun daji da ya taɓa yi wa jagora ya bar masa kyamara, ya fi yawo da ita a kan bindiga. Yana ɗaukar namun daji hoto, yana kai wa ofishin gandun daji labarin abin da ya rage. Ba wanda yake biyansa. In an tambaye shi dalili, sai ya ce ya taso ya tarar da dajin nan a cike, ba ya so ya ƙare a kan idonsa.

Muna idar da sallar asuba muka hau wata babbar mota da za ta ɗauko hatsin agaji a tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa. Hanyar yashi ce, sau biyu muna sauka muna turi. Kawu yana tsaye a baya yana leƙen daji, har direban ya ce, “Baba, me kake nema?”

“Ko zabuwa ɗaya,” in ji Kawu. Har muka isa ba mu gani ba.

Abin da ya kawo mu shi ne fim ɗin kyamara, wanda wani abokinsa ma'aikacin jirgi yake taho masa da shi daga Kano. Jirgin bai iso ba sai bayan la'asar. Muka sha fura da ruwa, don nono ya yi wuya a bana, muka kwana a zauren mai kula da tasha.

Maigatari

Ranar Alhamis muka bi ta Gumel ba mu shiga gida ba, muka samu motar 'yan kasuwa zuwa Maigatari. Direban mutumin Damagaram ne, motar ma kamyo yake ce mata. Dab da gari aka tsayar da mu a shinge. Wani ɗan sanda ya ga kyamara a wuyan Kawu, ya ce, “Dattijo, iyaka za ka ɗauka da wannan?”

“A'a, samari, barewa nake nema.”

Ɗan sandan ya yi dariya ya ce, “In ka same ta ka gaishe ta.” Ya ɗaga mana gora.

Kasuwa ta cika, amma shanun duk ƙashi ne da fata. A rumfar masu fatu Kawu ya tsaya yana juya wata fatar barewa da ba ta gama bushewa ba. Wani Bafulatani da ke gefe, Ardo Jauro, tsohon saninsa, ya ja shi waje ɗaya. Ya ce akwai garken barewa da ke shan ruwa a Tafkin Ƙirya, yamma da Sule Tankarkar, kuma shi ne tafkin da bai ƙafe ba a duk yankin. Maharban can sun sa ranar Asabar za su sa wa ciyawar gefen wuta, su tare duk abin da ya fito.

Kawu ya dube ni ya ce, “Malam Sani, ƙafarka tana da ƙwari?” Na ce tana da shi, ko da yake ban tabbata ba.

Sule Tankarkar

Mota ba ta bin wannan hanya. Ardo ya haɗa mu da wasu masu raƙuma da suka sauke kanwa za su koma yamma. Rabin tafiyar a kan raƙumi na yi ta, rabin a ƙasa, don bayana ya kasa jure girgizar. Muka yi zango a wata ruga, aka ba mu dambu da ruwan rijiya mai ɗanɗanon kanwa. Washegari muka shiga Sule Tankarkar ana shirin sallar Juma'a.

Bayan an sauko muka gaida mai gari, ya sa aka kai mu gidan Sarkin Baka, shugaban maharba. Tsoho ne siriri mai ido ɗaya, ya san mahaifin Kawu. Kawu ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa goro, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Sarkin Baka ya ce, “Ilu, ka shiga gidajen garin nan ka duba tukwane. Yara sun manta ɗanɗanon nama. Ni zan ce musu su ci hoto?”

“Baba, ban zo in ƙaryata yunwa ba,” in ji Kawu. “Abu ɗaya nake roƙo. Gobe da asuba mu je tare ka gan su kafin a kunna wutar. Abin da ka yanke bayan nan, ba zan yi musu ba.”

Tsohon ya ce ya yarda, albarkacin mahaifin Kawu.

Tafkin Ƙirya

Tafkin ya janye ya zama kamar faɗin masussuka, laka ta tsattsage kewaye da shi. Muka kwanta rub da ciki a bayan wata sabara, iska tana busowa daga wajen ruwan zuwa gare mu. Kawu ya ce kada in motsa ko da tururuwa ta cije ni. Ta kuwa cije ni.

Da haske ya fara fitowa sai ga su, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ba su da yawa. Namiji ɗaya ne a gaba, sauran mata ne, haƙarƙarinsu a waje amma cikinsu ya sauko. Na ji ƙarar kyamara sau biyu, ƙasa-ƙasa. Sarkin Baka ya zuba musu ido har suka sha suka juya.

Da muka miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce, “Duk ciki gare su. Yarana sun ce mini garke ne babba.”

“Su ke nan, Baba. Daga Gagarawa zuwa nan ban ga sawun wasu ba.”

A ƙofar gidan Sarkin Baka maharba sun taru da karnuka da kulake. Aka daɗe ana magana, wasu ransu a ɓace. Wani ya ce ko sun bari, maharban tsallaken iyaka za su zo su kwashe. A ƙarshe Sarkin Baka ya ce ba wuta, ba taɓa barewa sai kaka ta yi; mai son zomo ko fakara ya nema a gabas. Sannan ya juyo wajen Kawu ya ce, “Kai ka kawo maganar. Wa zai tsare tafkin?”

Kawu ya ce, “Ni.”

Komawa gida

Haka na baro shi yana kafa bukka a gindin ƙiryar da tafkin ya samo suna, maharba biyu suna taya shi yankan ciyawa. Na samu motar da ta kawo hatsin agaji za ta koma Gumel, na shiga gari ana kiran magariba. Na fara biyawa gidan Kawu. Matarsa, Inna Hajo, ta leƙa bayana ta ce, “Ina kawun naka?”

Na ce, “Yana bakin tafki, Inna. Ya ce sai ruwa ya sauka.”

Ta yi tsaki, ta ce ita dai ta auri daji. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauro garin kunu da kuka da bargonsa, ta ce in nemi mai kai masa.

Sai da damina ta kankama Kawu ya dawo, ya rame ya yi baƙi, da tari a ƙirjinsa. Barewa ɗaya ta mutu wajen haihuwa, sauran duk sun sauka lafiya, ya ga 'ya'yan suna bin iyayensu cikin sabuwar ciyawa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Ardo Jauro da masu raƙuma da mutanen Sule Tankarkar da suka haƙura da nama a shekarar da ba su da abin sawa a tukunya. Allah ya saka musu da alheri.