Ranar Haihuwar Inna

Shekarar da aka kawo mana kwamfuta a meri, wato ofishin magajin gari, cikin wata ƙaramar hukuma da muke kira komin a ƙasar Kurfai, ni ke riƙe da rajistar haihuwa. Gwamnati ba da hannunta ta yi aikin ba. Wani kamfani na Yamai ta ba kwangila, su suka rubuta manhajar, su kuma ke kula da ita daga can. Mutanensu suka zo Filinge suka koya mana kwana huɗu, suka koma, suka bar mini lambar da zan kira in abu ya cije.

Wata mata ce ke ɗaukar wayar. Da Faransanci muka fara, har ranar da ta ji na yi tsaki na ce abin nan ya ƙi, sai ta yi dariya ta amsa mini da Hausa. Ashe kakarta 'yar Bonkuku ce, nan yankinmu. Tana iya shiga kwamfutata daga inda take. Sai in ɗauke hannuna, in ga 'yar kibiyar tana yawo a kan allo ita kaɗai, tana buɗe nan tana rufe can. Da azahar, in gari ya yi tsit, nakan zauna ina kallonta har barci ya fara ɗibata.

Na taɓa tambayarta inda sunayen ke tafiya in na danna. Ta ce wani ɗaki ne mai sanyi, ba taga, na'urori na gunji a hankali. Na daɗe ina ganin ɗakin nan a raina: manoman Tabla da makiyayan Damana a jere cikin sanyi, suna hutawa, ba mai kiransu gona.

Tsofaffinmu da yawa ba su da ranar haihuwa. Tsohuwar rajista shekara kawai take faɗa, ita ma da "wajen". Manhajar kuwa ba ta wucewa sai an ba ta rana da wata, don haka aka ce mu riƙa sa ɗaya ga Janairu. Na sa wa mutane da yawa ban ji komai ba, sai da mahaifiyata ta zo neman takarda don katin ɗan ƙasa. Na karanta mata abin da na rubuta.

"Cikin ɗari ke nan?" in ji ta. "A'a. Ni gero na hidda kai aka haihe ni, ana ruwa, cikin bukkar gona. Haka uwata ta hwaɗa mini."

Na yi mata bayani, ta ƙi tashi. Da na rasa yadda zan yi, na kira Yamai na miƙa mata wayar. Sun daɗe. Na ji Inna na ba da labarin bukkar, da tsohuwar da ta yanke mata cibi, da yadda aka goyo ta zuwa gida bayan an ɗauke ruwa. Da wayar ta dawo hannuna, matar ta ce ba ta da ikon taɓa ranar, amma za ta rubuta wa masu gina manhajar. Inna ta karɓi takardarta ta Janairu ta tafi.

Bayan kaka, wata safiya na kunna kwamfuta na tarar da sabon gurbi a ƙasan shafi, na abin da dangi suka sani. Ba ya fita a takarda, a ciki kawai yake zama. Na aika aka kira Inna. Ta faɗa ina rubutawa, na karanta mata sau biyu, ta gyara mini kalma ɗaya.

Labari ya bazu. Ranar kasuwa tsofaffi suka fara zuwa, har waɗanda ba su neman takardar komai. Wani dattijon makiyayi ya zauna ya soma daga rijiyar da aka sauka ranar da aka haife shi, da raƙumin kawunsa da ya ɓata a ranar, da wanda ya tsinto shi. Gurbin ya cika bai kai rabi ba. Na ce, Baba, sai mun rage.

"Cire raƙumin," ya ce. "Bar mini rijiyar."