Hannun Gwaggo A'i

Mahfuza ce kaɗai ta lura da yadda Gwaggo A'i ta sauya miƙa abinci. Da can da hannu ɗaya take miƙa kula, bakinta na can yana hira da wani. Yanzu kuwa sai ta sa tafin hagu ta tallabe gwiwar hannun damanta, ta ɗan rusuna, sannan ta miƙa. 'Yan kasuwar da ke cin abinci a wurinta suka ɗauka ladabi ne. Har Alhaji Shu'aibu mai atamfa ya ce, "Kun gani? Shekara tara a Dubai, tarbiyyar gida ba ta sake ta ba." Ita kuwa Mahfuza yatsun gwaggonta take kallo, suna rawa a kunnen kula.

A'i mutuniyar Gezawa ce. Bayan rasuwar mijinta, wani Alhaji Dikko ya yi mata biza, ya kawo ta gidan abincinsa da ke saman wani shagon turare a Al Buteen. Tuwo ne aikinta. Tukunya biyu manya kullum, ta shinkafa da rana, ta masara da yamma, tana tsaye da muciyar da ta taho da ita daga gida. Wanda ya wuni yana loda kwantena, in ya hau benen nan ya zauna gaban malmalarta, sai ya manta a ƙasar wasu yake. Ba wanda ke cewa zai je wurin Dikko. "Mu je wurin A'i," ake cewa.

Mahfuza 'yar wanta ce. Ta gama jami'a, tana aiki a wani ofishin kago, na masu jigilar kaya, a Port Saeed, ɗakinsu ɗaya da gwaggon a Al Muraqqabat. Ba ta da yawan magana. Sai da ta yi mako uku tana juya zancen a ranta, sannan wata safiya ta ga A'i ta kasa ɗaga buta.

"Gwaggo, hannun nan fa?"

"Wane hannu? Ke 'yar boko, ido kamar na mage. Sanyin na'urar sanyaya ɗakin nan ne kawai."

Amma ta yarda suka je asibiti. Likitar, wata Ba'indiya, ta danna gwiwar hannun, A'i ta yi salati da ƙarfi. Likitar ta ce jijiyar da ta kama ƙashi ce ta gaji, shekaru ana wahalar da ita. Ta kawo shawarar wata allura ta ruwan sukari, ana yin ta daidai wurin ciwon, wata-wata. Allurar za ta sa wurin ya kumbura, kumburin ne ake fatan zai tayar da jiki ya gyara kansa. Ba kowa take yi wa aiki ba. Sharaɗi biyu ne: a hutar da hannun, kuma kada a sha ƙwayar ciwo irin mai sauke kumburi.

Mahfuza ta mayar mata da bayanin da Hausa. A'i ta yi dariya. "Ikon Allah! Sukarin da nake zubawa a kunu? A ƙara mini ciwo don in warke?"

Aka yi allurar farko ana saura mako biyar azumi, lokacin da 'yan kasuwa ke cika kasuwannin Deira suna sayen kayan sallah. Kwana biyu A'i na zaune a kan kujera a kicin, hannu a cinya, tana gaya wa mai dafa shinkafar gidan, wani ɗan Bangaladash, yadda ake tuƙi. Mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa. Tuwon ya fito da gudaji.

"Haba Dikko!" in ji Alhaji Shu'aibu, yana ture kwano. "Wannan ba hannun A'i ba ne. Tsakuwa kuka koma sayarwa?"

Aka kwashe da dariya. A'i na jinsu daga kicin. A rana ta uku ta ɗauki muciyarta.

Da labari ya bazu cewa ba ta da lafiya, sai masu dubiya suka fara hawowa. Ba mai zuwa hannu sake. Wannan ya kawo man zafi, wancan ya kawo ƙwayar da ya taho da ita daga Kano, ya ce shi ma ita ta tashe shi lokacin ciwon baya. A'i ta karɓa da hannu biyu, ta sa albarka. Washegari kuma mai kyautar zai leƙo ya ce, "Hajiya, kin sha kuwa?" Ba ta iya cewa a'a ga wanda ya tako don ita, ba ta kuma iya yi masa ƙarya. Ta sha. Ƙwayar ta kwantar da zafin, tuƙi ya yiwu.

Bayan allura ta biyu ne Mahfuza ta tsinci fankon katin ƙwayar a cikin gwangwanin daddawa. Ta karanta sunan. Irin wadda likita ta hana ce. Ta daɗe tsaye da shi a hannu. Matar nan ta goya ta tana jaririya, da wane baki za ta yi mata faɗa?

"Gwaggo, likita fa ta ce…"

"Na ji abin da ta ce. Ita likitar za ta zo ta tuƙa musu? In na zauna wata guda, Dikko zai zauna jirana ne?"

Mahfuza ta mayar da fankon inda ta same shi.

Ranar allura ta uku, likitar ta ce A'i ta matse mata yatsu. Ta kasa. Mahfuza ta sunkuyar da kai ta faɗi gaskiyar ƙwayar da ta tuƙin. Likitar ta ajiye sirinji. Ta ce ba za ta iya sanin ko allurar ce ba ta karɓe ta ba, ko ba a bar ta ta yi aiki ba ne. Ci gaba a haka ba shi da amfani. Hutu hannun yake so, na watanni.

Da suka koma Al Buteen, Alhaji Dikko na tsaye a bakin bene. Ya gaishe su da kyau, ya yi ta jan carbi, sannan ya ce ya aika Kano a samo wata mata ta zo ta riƙa taimaka wa A'i. "Taimako kawai, Hajiya." Bai ambaci bizarta da za ta ƙare bayan babbar sallah ba. Su ma ba su tambaya ba.

"Allah ya kawo ta lafiya," in ji A'i.

Ta shiga kicin, ta jawo kujera, ta ɗora faranti a cinya. Da hannun hagu ta fara tsince shinkafar tuwon gobe.